Sikeli da Duron Bayan Ƙofa

A dangi babu wanda ya riƙe ranar da aka fara ce masa Sikeli, amma dalilin kowa ya san shi. Tun yana ɗan mitsitsi, in aka ba shi gyaɗa ya raba da ƙannensa, sai sun yi kuka sun gaji sun manta da gyaɗar kafin ya gama ƙirga. Goggo, wadda ta haife shi, tana rantsuwa cewa ranar da aka yaye shi bai yi kukan nono ba, tambaya ya yi cokali nawa aka zuba masa a kwano. Goggo ba ta ƙarya. Gishiri take ƙarawa, kuma duk dangin a wurinta aka koya.

Da ya girma sai ya samu aikin da kamar don shi aka ƙirƙira: masana'antar tayil da kwanonin tangaran, ɗakin haɗa shafi. Shafi shi ne ruwan nan mai kaurin madara da ake tsoma kwano ko kofi a ciki kafin a mayar da shi wuta. Garin dutse ne da farar ƙasa da 'yan sinadarai, a dama da ruwa, a tace. In ya sha wuta sai ya narke ya zame wa kwanon fata, ruwa ba ya ratsa shi. Shekara goma sha biyu Sikeli yana auna gari a ɗakin nan, giram ɗaya bai taɓa ɓace masa ba. Da masana'antar ta rufe, wasu suka fito da hawaye, wasu suka fito da kujerun ofis a ka, shi kuwa ya fito rungume da ɗan sikelin da yake aiki da shi, wanda manaja ya ce ya tafi da shi tunda babu mai iya raba su.

Ya gina tanderu a bayan gida, ya mayar da ɗakin shirgi wurin aiki, ya kafa injin juya yumɓu kusa da taga. Kofuna da kwanoni yake yi, farare da ruwan ƙasa da koraye, kuma ba laifi, ana saya. Da mutum ne irin sauran mutane, da a nan labarin ya ƙare, ya tsufa cikin rufin asiri. To amma akwai shuɗi.

Tun yana masana'anta wani baƙo ya zo da ɗan kofi a aljihu yana nuna wa manya. Shuɗi ne, amma ba ya sheƙi ko kaɗan. Haske in ya faɗa kansa sai ya kwanta, ba ya dawowa ido. In ka shafa shi kamar ka shafa ɓawon ƙwai. Aka miƙa wa Sikeli ya riƙe na minti biyu, aka karɓe, baƙon ya mayar aljihu ya kama gabansa, kuma daga ranar nan ɗan Goggo bai sake zama daidai ba. Sai ya fara wa'azi a kan sheƙi. Wai sheƙi surutu ne. Wai kwano mai ƙyalli kamar mutum ne da ke dariya tun ba a gama ba shi labari ba. Wai shi kafin ya mutu sai ya haɗa shuɗi mai shiru, da hannunsa, da awonsa, a rubuce, yadda ko bayan ransa wani zai buɗe littafi ya haɗa ya fito daidai. Kuma a wajen "a rubuce" ɗin nan yakan ɗaga yatsa.

Shuɗin kansa ba wuya. Wani baƙin gari ne kamar kwalli da ake sayarwa a 'yar kwalba a shagon sinadarai. Ka sa ɗan kaɗan a shafi, wuta ta mayar da shi shuɗi. Kashe sheƙin shi ne aiki. Duk mako Sikeli zai rufe ƙofa da taga don kada iska ta taɓa masa awo, ya auna giram ɗari na sabon haɗi, ya dama, ya tace ta rariya sau biyu, ya tsoma ɗan tayil mai girman biskit, ya kafta lamba a bayansa da ƙusa, ya rubuta lambar da awon a littafi. In ya cika tanderu da kaya sai ya saƙala tayil ɗin a gefe. Kwana biyu tanderu na hucewa, shi yana zagaye shi kamar mijin mai naƙuda. A buɗe, a ciro, a duba: sheƙi. Ya rataye a bango, ya koma ya ƙara farar ƙasa giram biyu, ya rage dutse giram biyu. Sheƙi. Jefi-jefi sheƙin yakan mutu, amma sai ya tafi da shuɗin, a bar shi da kalar jaki. Sauran kuwa sheƙi a kan sheƙi.

Shekara tara. Tayil ɗari huɗu da sittin a bango. In rana ta leƙo ta taga da hantsi, maƙwabta sukan ɗauka walda ake yi a gidan. Matan dangi in sun zo gaisuwa, a gaban bangon suke gyara ɗankwali kafin su fita.

Matarsa tela ce, shagonta a gaban gidan yake, ƙofa ɗaya na kallon titi, ɗaya na kallon tsakar gida. A dangi Tela ake ce mata, kuma ita ta kafa dokar duro. A shekarar farko, ragowar kowane gwaji a magudana Sikeli yake zubarwa. Garin dutse kuwa ba ya zuwa ko'ina. Ya kwanta a bututu ya daskare, wata safiya ruwan wanke-wanke ya dawo kicin ya gaishe ta har idon sawu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta dai sa aka kawo tsohon duro na roba aka ajiye bayan ƙofar ɗakin aikinsa, ta ce, "Malam, daga yau duk abin da ka kashe, nan za ka binne shi." Shi ya sa ya raɗa wa duron suna maƙabarta. A ciki yake juye ragowar duk haɗin da ya ƙi, a ciki yake ɗauraye rariya da ludayi da hannunsa. In ruwa ya taru a sama ya kwashe ya watsar, laka ta zauna a ƙasa. Ko kallon duron ba ya son yi. In zai wuce gefe yake bi, kamar wanda ya hango surukinsa bai shirya gaisuwa ba.

Wata takwas Tela tana roƙon ya yi mata ɗan kwanon da za ta riƙa zuba allurai da maɓallai. Matar mai kwano, a gwangwanin madara take ajiyar allura. Ranar da ta gaji, ta shigo ɗakin ta ɗauki wani kwano daga cikin waɗanda ya ware zai fasa, bakinsa a karkace kamar na mai jin haushi, ta dire a gabansa.

"Wannan ma ya ishe ni. Ka shafe shi ka gasa."

"Wannan? Ai wannan ba kwano ba ne, kuskure ne."

"To ka gasa mini kuskuren."

"Maman yara, shafin da na auna ba zan ɓata shi a kan abin da ba ya iya tsayuwa daidai ba."

"Ni na ce na awo? Ko a kwata ka tsoma shi, in dai zai riƙe allura."

Haushi ya sa ya ɗauki maganarta kusan yadda ta faɗa. Ya ɗaga murfin maƙabarta, ya dama da guntun sanda, ya tsoma kwanon yana kau da kai, ya goge gindinsa, ya cusa shi a lungun tanderu inda ba a sa abin kirki.

Ranar da aka buɗe, ya kwashe fararen kofuna, ya duba tayil ɗin makon, ya yi tsaki, ya rataye. Sannan ya zura hannu lungu don ya ciro kuskuren ya kai wa mai shi. Ya fito da shi haske. Sai ya zauna a ƙasa, a cikin ƙura, da wandonsa mai guga.

Shuɗi ne mai nauyi, irin wanda in ka daɗe kana kallo sai ka ji kamar za ka faɗa ciki. Haske ya faɗa kansa ya kwanta. Ya shafa da babban yatsa: ɓawon ƙwai. Ya tofa masa yawu ya goge da riga, ko ƙura ce ta rufe sheƙin. Ba ƙura ba ce. Sannan hannunsa, da ya yi shekara tara yana abu ɗaya, ya juya kwanon da kansa don a duba lamba.

Babu lamba.

A haka Tela ta same shi.

"Ya gasu?"

"Ya gasu."

"To miƙo."

"Maman yara, ki bar mini shi. Zan yi miki wasu, guda goma, masu tsayuwa daidai."

"Nan da wata takwas? Miƙo." Ta jujjuya shi a hannu. "Ai kuwa ya yi kyau. Ashe ka iya, ka tsaya wahalar da kanka." Ta tafi da shi ta zuba allurai.

Kwanon na da kwana uku a shago, Hajiya mai gidan abincin da ke bakin babban titi ta zo gwada riga. Mace ce da in ta shiga wuri sai ta taɓa komai. Ta juye alluran a kan keken ɗinki, ta ɗaga kwanon, ta ce a kira mata wanda ya yi. Nan da wata biyu za ta buɗe sabon ɗakin cin abinci a bene, na manyan baƙi, kuma ba ta son kwanon da kowa ke da shi. Guda ɗari da ashirin take so.

"Amma fa iri ɗaya, Malam. Kada ka kawo mini wannan ya yi duhu wancan ya yi haske. Za ka iya maimaita shi?"

Nan ne wurin da mutum zai ce, Hajiya, bari in duba. Sikeli ya san haka sarai. Amma shekara tara ana yi masa dariya a dangi, ga kuma mace mai mota a ƙofa ta riƙe shuɗinsa da hannu biyu. Sai ya ji bakinsa yana cewa, "Hajiya, ai a rubuce yake. Lamba ɗari huɗu da sittin da ɗaya ce a littafina."

Tela na durƙushe tana kama bakin rigar, allurai a leɓenta. Ta dai ciro alluran ɗaya bayan ɗaya don kada ta haɗiye.

Kafin mako ya zagayo labari ya gama dangi: Sikeli ya kama shuɗi. Kawunnai suka zo barka. Wanda ya fi kowa yi masa dariya ya ce shi dama ya san yaron nan zai yi abu.

Shi kuwa yaron, mai furfura a gemu, yana bayan ƙofa da sanda. Ya auna zurfin abin da ke duron, ya auna nauyin kwano kafin tsomawa da bayan tsomawa, ya yi lissafi sau uku ko zai canza. Bai canza ba. Abin da ke maƙabarta zai shafe kwano saba'in, in an lallaɓa. Saura hamsin ba su da uwa ba su da uba. Ko dai ya gano abin da ke cikin duron kafin ya ƙare, ko ya tsaya gaban Hajiya da dangi ya ce shuɗin da ya yi suna da shi ruwan wankin hannunsa ne.

Da farko bai tsorata sosai ba. Ai duk abin da ya shiga duron ya bi ta sikeli, duk yana littafi. Sai a tara. Kwana tara ya zauna da kalkuleta yana haɗa farar ƙasar shekara tara wuri ɗaya, dutse wuri ɗaya, baƙin gari wuri ɗaya, ya raba, ya fitar da haɗi guda wanda a lissafi shi ne duron sak. Ya auna yana riƙe numfashi. Ya gasa.

Tun da aka fara gasa yumɓu a duniya ba a taɓa ganin sheƙi irin na tayil ɗin nan ba. Ƙuda ya sauka a kai ya zame ya karya ƙafa. Tela ta ce in ba shi da amfani da shi ya ba ta ta liƙa a shago, madubinta ya tsage.

Ke nan akwai abin da ya shiga duron bai bi ta sikeli ba. Ya fito tsakar gida da littafi a hammata, biro a kunne, kamar mai binciken kisan kai. Goggo na kan tabarma tana tsince shinkafa. Shekara biyar ke nan da ta dawo gidansa da zama. Tela na kan kujera tana farke ɗinkin wata riga.

"Ina da tambaya, kuma don Allah kada a ɓoye mini. Akwai wanda ya taɓa zuba wani abu a maƙabarta ban da ni?"

Tela ko ɗagowa ba ta yi ba. "Wani abu kamar me?"

"Komai."

"A'a, ba komai. Sai dai guntun alli."

"Wane alli?"

"Allin da nake zana yadi mana. In ya ƙanƙance ba ya kamuwa, nakan jefa ciki in na zo wucewa. Ba shara ba ce?"

"Tun yaushe?"

"Tun da aka kawo duron. Ni na sa aka kawo shi fa, Malam."

Ya rubuta alli. "Guda nawa a wata?"

"Ya danganta da ɗinki."

"Kamar nawa?"

"In ɗinki ya yi yawa, da yawa. In babu, kaɗan."

"Guntun giram nawa yake yi?"

"Malam Sikeli, abin da zan yar zan tsaya aunawa? Rubuta har da ruwan da nake jiƙa rigar aikinka. Da tokar gawayi, in kwandon shara ya cika."

Duk wannan lokacin Goggo na tsintar shinkafa da himmar da ba a san ta da ita ba. Tsakuwar da babu ma tana tsincewa.

"Inna?" in ji shi, yana kallon Goggo.

"Ni me zai kai ni ɗakinka?"

"Inna, ki dube ni."

"Ni na haife ka, ba sai na dube ka ba."

Tela ta ajiye reza. "Inna, farin maganin ƙwannafin nan da likita ya ce ki riƙa sha bayan abinci. Kullum kwalba na ƙarewa a kan lokaci, kullum kuma kina kukan ƙirji."

Goggo ta ture farantin. "Ke kin taɓa ɗanɗana shi? Kamar a dama bango a ba mutum. Na ga abin cikin duron ma haka yake, na ce su je can su ƙarata."

Shekara huɗu ke nan yana zuwa kemis duk wata yana kawo wa uwarsa magani, ita tana shayar da maƙabarta. Da wani ɗan ne, da ciwon ƙirjin uwarsa zai fara. Sikeli ya durƙusa a gabanta ya gyara riƙon biro.

"Cokali nawa, Inna?"

"Biyu aka ce."

"Kullum kike zubarwa?"

"A'a, wata rana ina sha."

"Wace rana?"

"Ranar da ƙirjin ya matsa."

"Sau nawa yake matsawa a mako?"

"Ɗan nan, ciwon nawa ma sai ka ɗora shi a sikeli? Tashi ka ba ni wuri."

Ya tashi. Ya je ya sayo kwalba shida na maganin a tashi ɗaya, har mai kemis ya ja shi gefe ya ba shi shawarar ya je asibiti a duba cikin nan da kyau. Ya ƙwace wa Tela sabon akwatin alli ya daka a turmi. Ya tankaɗe toka. Har rigar aikinsa ya jiƙa ya auna ruwan. Tayil talatin ya sa a wuta ɗaya, abin da a da yake yi a wata bakwai. Wanda alli ya yi wa yawa ya bushe kamar bango, ana gogawa yana zuba. Wanda magani ya yi wa yawa ya tattare ya dunƙule kamar fatar kada, yumɓu na leƙowa ta tsakani. Wanda toka ta yi wa yawa ya narke ya zubo ya manne da kantar tanderu, sai da guduma. Guda ɗaya ya zo kusa; da ya kai shi gefen kwanon allurai sai ya ga kamar ƙanin kwanon ne da ya tashi daga doguwar jinya.

A tsakanin nan yana ta tsoma kwanonin Hajiya a duro, domin ranar buɗe bene na matsowa. Kowane kwano a cikin duron zai gama ɗiga, ba a ƙasa ba. Abin da ya manne masa a yatsu ma sai ya kankare ya mayar. Mutumin da a da ba ya son kallon maƙabarta, yanzu ya sa mata kwaɗo, makulli a wuyansa. Sittin na farko suka fito kamar uwa ɗaya ta haife su. Direban Hajiya ya zo ya kwashe, aka buɗe bene da su, a kan sauran za su biyo baya. Sandar awo ta shiga duron ta fito, jiƙar ba ta kai gaɓar yatsa biyu ba. Kwano goma, in an karkata duron.

Ya ƙara wuta biyu, tayil arba'in. Babu.

Saura kwana shida alkawarin kai sauran ya cika, Tela ta shigo da shayi ta same shi zaune a kan bokiti yana kallon duron kamar mai jiran ya yi magana.

"Malam, je ka faɗa mata."

"In ce me?"

"Abin da ya faru. Ai ba sata ka yi ba."

"Gara sata. Ɓarawo ya san abin da ya ɗauka."

"To zauna. In ta aiko direba sai ka ba shi littafin ya kai mata, ta zuba miya a lamba ɗari huɗu da sittin da ɗaya."

Washegari ya sa rigarsa ta zuwa manyan wurare, ya tafi a ƙafa don ya samu lokacin shirya magana. Ya shirya ta tsaf, da gabatarwa da tsakiya da neman gafara. Ya isa da rana tsaka, lokacin da bene ya cika.

Tun daga matakala ya fara jin wani sauti, ƙii, ƙii, kamar ana wasa wuƙa ashirin a lokaci ɗaya. Ya leƙa. Ga shuɗinsa a kan kowane tebur, ya yi kyau har ƙwalla ta taru masa. Ga manyan baƙi kuma, duk wanda cokalinsa ya kai ƙasan kwano sai ya runtse ido ya cije haƙori. Wani mai babban ciki ya ajiye cokali gaba ɗaya, ya ɗaga kwanon yana kurɓa yana waige.

Hajiya ta fito daga kicin ta gan shi. "Yawwa, Malam, Allah ne ya kawo ka. Zo."

"Hajiya, akwai maganar da na zo da ita."

"Ni ma ina da ita. Zo ka gani tukuna."

"Hajiya, ki bari in fara. In ba haka ba, ba zan iya ba."

Ya tsaya a ƙofar kicin, masu wanke-wanke na ji, ya zazzage komai: duro, alli, toka, ruwan riga, maganin Inna. Ya ce babu wata lamba ɗari huɗu da sittin da ɗaya, ƙarya ya yi. Ya ce shi da ake ce wa Sikeli, abu ɗaya da ya taɓa yi mai kyau a rayuwarsa bai san awonsa ba, kuma cikin sittin ɗin da suka rage goma kawai zai iya kawowa. A wajen maganin ƙwannafi muryarsa ta karye.

Hajiya ta saurara tana duban agogon hannunta. "Ka gama?"

"Na gama."

"To Allah ya ba Inna lafiya. Duba nan." Ta ciro kwano daga cikin wanke-wanke ta miƙa masa. Cikinsa duk zanen cokali ne, layi-layi, ga tabon mai ya zauna a ƙasa. "Matan nan sun goga har hannunsu ya yi ja, ba ya fita. Baƙi kuma suna cewa tsigar jikinsu na tashi. Jiya wani ya tambaye ni ko da gangan muke yi don kada a daɗe a tebur. Kyau kam yana da kyau, amma ni abinci nake sayarwa. Ba ka da shuɗi mai santsi, irin mai sheƙin nan, wanda ruwa ɗaya zai wanke?"

Sikeli ya daɗe yana kallon kwanon.

"Akwai," ya ce.

"Shi ma a duro yake?"

"A'a. A rubuce yake."

"Iri nawa?"

"Ɗari huɗu da ɗoriya."

"To me ka tsaya yi tun farko? Zaɓo ɗaya ka yi mini ɗari da ashirin. Waɗannan direba zai mayar maka."

Lamba goma sha biyu ya yi mata, haɗin da ya yi tun a wata na uku na shekarar farko, ya rataye yana tsaki. Hajiya ta ce ba ta taɓa ganin kwano mai kyansa ba, ta turo masa ƙawayenta biyu masu gidajen abinci. Yanzu duk inda ka ga kwano shuɗi yana ƙyalli har yana kashe ido, na Sikeli ne, kuma da shi aka san shi. Labarin duro kuwa masu wanke-wanke sun yaɗa shi, ya zaga dangi, bai hana kowa cin abinci ba. Kawun da ya ce dama ya san yaron zai yi abu, ya ce dama ya san da wata a ƙasa.

Sittin ɗin da aka dawo da su suna kan kanta a ɗakin aiki. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya goge abin da zai gogu na zanen cokalin. Ba ya sayarwa, ba ya ba da aro. A ɗaya yake cin abinci, da hannu. Ragowar shafin kwano goman na nan a maƙabarta a kulle, duk mako yana ɗan ƙara ruwa kada ta bushe, ya ɗebi rabin cokali ya kalla ya mayar.

Ya ajiye sabon duro kusa da tsohon. A lissafinsa, in Allah ya ba da rai, nan da shekara tara zai cika, kuma wannan karon duk abin da zai shiga sai an rubuta. Ya ɗaure littafi da biro a jikin murfin, ya tara mutanen gida a tsakar gida ya yi musu bayani dalla-dalla: kowa ya ci gaba da zuba abin da ya saba, amma ya auna, ya sa kwanan wata.

Tela ta bari ya kai ƙarshe. "Ai ka makara, Malam. Allin nan an daina kawo irinsa, wanda ka daka shi ne akwatin ƙarshe. Yanzu da guntun sabulu nake zana yadi. In jefa?"

Ya juya wajen uwarsa.

"Ni ma likita ya canza mini," in ji Goggo. "Ƙwayoyi ne yanzu, 'yan ƙanana jajaye. Amma kada ka damu, ɗan nan. Su ma ba sha nake ba."